Ɗan Nyumbun Da Ya Bi Motar Mepukori

Duk direban da ya taɓa kai baƙi masu yawon buɗe ido filin namun daji na Ndutu a watan Fabrairu ya san Mepukori, ya kuma san halinsa guda da ke ba mutane haushi. In ya tsaya kusa da nyumbu mai naƙuda, wata dabbar dawa mai kama da saniya, ya kashe mota, to ko me za a yi ba zai sake tayar da ita ba sai ɗan ya miƙe, ya shinshini uwarsa, ya kama nono. Baƙo ya yi ta duba agogo, a yi ta kira a rediyon oba-oba cewa ga zakuna can sun kayar da jakin dawa, shi ko a jikinsa. Dalilinsa ɗaya ne: ɗan nyumbu in ya faɗo duniya, babban abin da ya fara gani yana tafiya shi zai ɗauka uwa, ko da kuwa mota ce.

Shekararsa goma sha tara yana wannan tuƙi, amma ba a cikinsa ya tashi ba. Ɗan Masai ne, a rugar da ke gindin dutsen Lemagarut aka haife shi. Yana saurayi mai kitso da mashi aka yi shekarar da ruwa ya ƙi sauka a tudu, mahaifinsu ya yi kasada ya bar shanunsa a fili har nyumbu suka iso dubu-dubu suka fara zuba 'ya'ya. Kowane makiyayi a ƙasar ya san abin da ke biyo bayan haka. Ƙananan nyumbu na ɗauke da wata cuta da ba ta yi musu komai, amma saniya in ta yi kiwo inda suka kwanta, ko ta haɗa hanci da su, bayan 'yan makonni idonta zai yi fari, majina ta toshe mata hanci, ta daina cin ciyawa ta faɗi. Babu allura, babu jiƙo. Garken tsohon na shanu sittin ya koma bakwai. Daga nan bai sake zama mutum ba, kullum yana bakin ruga da sandarsa yana kiran sunayen shanun da suka mutu, har ya bi su.

Haka Mepukori ya aske kitso ya gangara garin Karatu neman abin yi, ya koyi mota, ya koyi Turanci na ciniki, ya wayi gari abincinsa yana fitowa daga dabbar da ta karya gidansu. Turawa su hau jirgi daga ƙasashensu don su ga nyumbu na haihuwa, su yi ta hawaye suna ɗaukar hoto, shi kuwa ya riƙe sitiyari ya yi musu murmushi. Duk abin da ya samu karsana yake saya. Sannu a hankali garken ya kai ashirin da uku, suna hannun wansa Kipuyo. Karsanar farko ma kyauta ya ba wan nasa, shi ya sa tun daga ranar ba sa kiran sunan juna, sai Pakiteng, kamar yadda mutanensu ke yi in saniya ta shiga tsakanin mutum biyu. Kipuyo dai in ya so tsokana sai ya ce da shi makiyayin nyumbu.

Bana ma ruwa ya yi jinkiri a tudu. Shanun sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ga fili kuma ya yi kore shar a ƙasa. Mako biyu Mepukori yana faɗa a waya: kada a sauko, kada a sauko. Kipuyo ya ce ya ji.

Ranar da abin ya faru ita ce ranar ƙarshe ta baƙinsa, wata dattijuwa Bajamushiya mai suna Renate, wadda ta yi shekara arba'in tana aikin ungozoma a asibiti, da mijinta, mutumin da bai cika magana ba sai ta bakin kyamara. Da hantsi suka sami wata nyumbu a gefen garke, ƙafafu biyu sun riga sun leƙo. Mepukori ya matsa ya kashe mota. Ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya, sai ga ɗan ya sulluɓo ƙasa jiƙe sharkaf. Renate ta dafe ƙirji tana ƙirga mintuna da bakinta, wai aikin da take kwana a kai, ga wata ta gama shi nan da nan ba ko mai riƙe mata hannu.

Ɗan ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa. A daidai nan wayar Mepukori ta yi ƙara.

"Pakiteng, kana ina?" in ji Kipuyo. "Gishirin nan da ka ce ka saya wa shanu, ka taho da shi. Ina nan ƙasa a fili, bakin hanyar Oldupai, ba zan jima ba."

"Hanyar Oldupai? Me ya kai ka can? Da shanun?"

"A'a, da surukata. Da me zan zo in ba da shanun ba? Ka yi sauri dai."

"Pakiteng, ka mayar da su baya! Kana ji na?"

Layin ya yanke. Ya sake kira, babu sabis. Hoton tsoho a bakin ruga ya dawo masa sabo fil, kuma kafin ya ankara hannunsa ya murɗa makulli ya sa giya. Injin ya tashi a daidai lokacin da kuraye biyu suka ɓullo daga ciyawa. Garke ya watse, uwar ta zabura ta bi 'yan uwanta, ɗan da ya samu ya tsaya da ƙafafunsa ya waiga bai ga kowa ba sai wata babbar aba mai ruwan ƙasa tana tafiya a hankali. Ya bi ta.

Renate ce ta fara gani. "Mepu, yana bin mu!"

Ya duba madubi. Ga shi nan a bayan taya, cibiya na reto, yana kuka da 'yar muryarsa. Shekara goma sha tara bai taɓa yin wannan kuskure ba, sai yau. Kunya ta kama shi, haushin kansa ya fi kunyar.

Da farko bai ɗauki abin da zafi ba. Ya karkata ya ratsa tsakiyar wani garke, ko ɗan zai ga danginsa ya tsaya. Ya kuwa tsaya, ya nufi wata mai nono, ta shinshine shi sau ɗaya ta sa ƙaho ta watsar da shi. Ya tashi ya nufi wata, ita ma haka. Nyumbu ba ta shayar da ɗan wata, ko nata ya mutu da safe. Da ya sha duka sau uku sai ya dawo gindin mota da gudu, kamar yaron da aka kora daga gidan maƙwabta.

Rediyo ya yi kwarmato. Shirima ne, wani direba ɗan Moshi da ke can nesa yana kallo da madubin hangen nesa.

"Jama'a, albishirinku! Mepukori ya haihu! Namiji ne ko mace, malam? Yaushe suna?"

Direbobi suka fashe da dariya a layi. Wani ya ce a kawo masa kunun jego. Mepukori ya kashe rediyon.

Dabararsa ta biyu gudu ce. Amma an kwana ana ruwa, baƙar ƙasar filin ta zama taɓo mai danƙo, in ya taka mai tayoyi su yi ta juyi a wuri ɗaya, motar ta yi ta rawa da ɗuwawu. Ɗan nyumbu mai rabin awa a duniya ya fi mota gudu a irin wannan ƙasa. Mepukori ya ce a ransa, bari dai mu kai tsandauri, can zan ba shi iska. Tsandaurin yana gaba kamar tafiyar minti ashirin, kuma a lissafinsa shanun suna can nesa da shi, bayan tudu.

"Ka tsaya mu ɗauke shi," in ji Renate. "Ga wuri a baya. Mu kai shi wurin ma'aikatan daji."

"Mama, ba a taɓa su. In na sa masa hannu an karɓe lasisina ke nan. Su ma ma'aikatan ba abin da za su yi masa."

"To haka za mu bar shi? Bai sha komai ba tun da aka haife shi!"

"Na sani, Mama."

Suka haura ɗan tudun da tsandauri ya fara, sai ya taka birki har mijin Renate ya bugi kyamara da goshi. Ga shanu nan. Ba a bayan tudu ba, a gabansa, tazarar da ba ta fi a yi kira a ji ba. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya: jar nan mai karyayyen ƙaho, baƙar da ta haihu a Disamba, karsanar farko da ta tsufa yanzu. Kipuyo da jan mayafinsa yana gaba, ya ratayo sanda a kafaɗa, yana tahowa da su wurin motar don ya rage wa ƙanensa hanya. Ya shigo fili fiye da yadda ya faɗa, kuma sai ƙara shigowa yake yi.

Mepukori ya dubi madubi, ga ɗan nan a bayan mota. In ya yi gaba, shi da kansa zai kai cutar cikin garken. In ya taka mai ya tsere, ɗan zai tsaya ya waiwaiga, ya ga manyan dabbobi masu ƙafa huɗu da nono, ya ruga cikinsu. Ya leƙa ta taga yana ɗaga hannu yana ihu a koma. Iska ta kwashe maganar. Kipuyo ya ɗaga sanda ya amsa gaisuwa, ya ci gaba da tahowa.

Ɗan nyumbun ya gaji. Ya zagayo inuwar mota ya tsaya daidai ƙofar direba, ya ɗaga kai yana lasar marfin, yana neman nono a jikin ƙarfe. Hancinsa jiƙe yake. Ƙararrawar wuyan shanu ta fara isowa kunne, kunnuwansa suka motsa, ya juya kai wajen da sautin ke fitowa.

Mepukori bai sake tunani ba. Ya danna ham sau ɗaya, ɗan ya zabura ya dawo da kai, shi kuma ya sa giya ya juya motar a hankali, yana lura kada ya bar shi a baya, yana lura motar ta kare masa ganin shanun. Yanzu ba gudu yake yi ba, jan sa yake yi. In ɗan ya tsaya, shi ma ya tsaya ya jira. In ya yi tuntuɓe, ya rage gudu.

"Ina za mu?" Renate ta tambaya.

"Inda aka haife shi. Wani lokaci uwar takan dawo nema."

"Kurayen fa?"

Ya ci gaba da tuƙi. Ta dubi ƙeyarsa, ta dubi shanun da ke ƙanƙancewa a baya. Mijinta ya sauke kyamara ya ɗora a cinya.

Sun fi rabin awa kafin su isa. Ungulaye sun sauka a wurin, kurayen sun zama biyar, suna kwance a taɓo. Can gefe nyumbu mata uku suna zagaye suna kukan neman 'ya'ya. Mepukori ya bi ta kusa da su gwargwadon iko, ya kashe mota, ya haɗa kai da sitiyari yana roƙon Allah a harshen uwarsa. Ɗan ya ji kukan ya amsa. Ta farko ta zo ta shinshina ta wuce. Ta biyu ko kallo bai ishe ta ba. Ta uku ta daɗe da hancinta a bayansa, har Renate ta miƙe tsaye, sannan ta sunkuyar da kai ta tunkuɗe shi.

Ya tashi ya juyo zai koma wurin mota. Bai kai ba. Kura ɗaya ce ta taso, ba ma da sauri ba.

Renate ta rufe fuska. Mepukori bai kau da ido ba har aka gama, don a ganinsa wanda ya jawo abu ba shi da hurumin kau da kai. Sannan ya fito da jarkar ruwa da sabulu, ya wanke marfin ƙofar sau biyu, ya wanke hannunsa har gwiwa.

Rana ta take lokacin da suka koma tsandauri. Ya tsayar da mota nesa da garken, ya saɓo buhun gishiri ya taka da ƙafa. Kipuyo na zaune a kan dutse ya cika fam.

"Makiyayin nyumbu! Ka gan ni ka juya, sai ka ce ka ga mai karɓar haraji. Tun ɗazu nake gasuwa a rana."

"Pakiteng, yau ɗin nan za ka hau da su tudu. Ko ƙaya za su ci, su ci a can. In ka sake saukowa kafin watan Mayu, zan zo da babbar mota in kwashe rabona."

Kipuyo ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ga idon ƙanensa ya yi ja. Ya sassauta murya.

"Na ji, za mu hau. Kai kuma lafiya? Ka yi kama da wanda aka yi wa mutuwa a garke."

Mepukori ya dire buhun. Ya dubi shanun ɗaya bayan ɗaya, idanunsu baƙi wuluk, hancinsu garau, suna ta fizgar ciyawa.

"Maraƙi ne ya mutu," ya ce.

"Na wa?"

"Nawa ne. Awa biyu ya yi yana bi na."