Kawu Sale da Allon Masallacin Yassa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko waya shagon Kawu Sale a unguwar New Bell ta Douala ya san ba ya kwance na'ura sai ya yi mata sallama. Zai ɗora ta a tebur, ya gyara tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare, ya ce, "Salamu alaikum, me ke damun ki?" In ka yi dariya ya harare ka: "Kai da ka kawo ta ka san ciwonta? To yi min shiru."

Ga shi ba ya yar da komai. Ran da mahaifiyata, wato ƙanwarsa, ta share masa shago ta zubar da wani ƙullin tsohuwar waya, cikin ruwan sama ya bi ta har bola ya tono abinsa. Ta ce, "Haba Yaya, ko kunya?" Ya ce, "Kunya ba ta ɗaukar wuta, wannan tana ɗauka."

Ni Habibu, da ke tuƙa babur ɗin haya, ni na sha wahalar babban taurin kansa. Dattawan wani sabon masallaci a unguwar Yassa suka so allo mai nuna lokutan salla kafin azumi. Kawu ya samo 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, da ɗan allo mai layi biyu na rubutu, ya haɗa su da gajerun wayoyi huɗu. A shago abin ya yi tsaf. In ya buga wa kwamfutar tambayar wa ke kan wayarta, sai lamba 27 ta fito, alamar ta ga allon ke nan.

Dattawa kuwa suka kafe: allo a bango kusa da liman, kwamfuta a cikin akwatin ƙarfen lasifika mai kwaɗo, can ƙarshen masallaci, kada a sace. Kawu ya jona tsofaffin wayoyinsa, ya bi bango da su yana kafawa da ƙusa. Aka kunna. Allo ya yi haske, babu ko harafi. Ya buga tambaya, babu 27, sai layin ɗigo-ɗigo.

Wani ɗan kasuwa sabon zuwa daga Najeriya ya ce, "Baba, wannan fa ba rediyo ba ce, aikin 'yan makaranta ne." Wayyo! Kawu ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Wallahi ba zan sake karɓar aikin kowa ba sai allon nan ya nuna lokacin salla a bangon nan." Saura kwana goma azumi, kuma shagon nan ne ke ciyar da gidansa.

Daga nan na zama jakinsa. Mu ciro allo da kwamfuta, mu ratsa cunkoson hanya zuwa New Bell, a shago 27 ta fito ras. Mu koma Yassa, ta ɓace. Ya musanya wayar saƙo da ta agogo mai daidaita tafiyar saƙon, ya murza ɗan dunƙulen hasken da ke bayan allo, ya kankare tsatsar da danshin Douala ya sa wa ƙafafunsa, ya sake buɗe ƙofar sadarwar a cikin kwamfutar. Shiru. Sau bakwai muka yi tafiyar nan, har raina ya ɓaci na ce da Faransanci abin ba zai yiwu ba: "Kawu, c'est pas possible! Mutane na cewa ko aljanu ne." Ya ce, "Aljanin da ke tsoron New Bell? Ja babur."

Masu kawo gyara suna ta komawa da kayansu. Liman ya tausaya, ya ce, "Malam Sale, ka yi kaffara mana, ka ciyar da miskinai goma, ka koma aikinka." Kawu ya zaro ido: "Goma, Allah gafarta malam? Bakwai ɗin gidana ma da ƙyar. Gara in gyara."

Ana jibi azumi, yana durƙushe gaban akwatin, ya ɗaga murya yana tambayar ladan, Malam Buba, tsohon da kunnensa ya yi nauyi, ko wani ya taɓa wayar. Malam Buba daga gaban masallaci ya ce, "Na ga bakinka na motsi, amma ba na jin ka daga can. Matso kusa!"

Kawu ya dubi tsohon, ya bi doguwar wayar bango da ido, wadda ba mu taɓa kai ta shago ba saboda a kafe take. Wuta tana isa ta cikinta, amma saƙon ba ya jure nisa. Sai ya buga cinya: "Ashe allon ba ƙin amsawa yake ba, ba ya ji ne!"

Nan take ya sa ni nemo gwangwanin biskit. Ya huda shi, ya zaunar da kwamfutar a ciki, ya kafa shi a bayan allo, ya haɗa su da gajerun wayoyin nan, ya sa masa kwaɗo don dattawa su kwanta da hankali. Da ya kunna, rubutu ya fito: La'asar, da lokacinta. Masallaci ya ɗauki kabbara. Kawu ya juya wajen ɗan kasuwar nan a natse ya ce, "In rediyonka ta lalace, gobe na buɗe."

Shekara biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. Dattawan Yassa suka roƙa a yi masa salla a wajensu. Muna tsaye da gawarsa a waje, liman ya leƙa ciki ya dubi allon, ya ce lokaci ya yi. A nan kuka ya ci ƙarfina, don na ga har yau shi ke gaya mana lokaci.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya rubuta masa ladan duk sallar da aka tsayar a kan lokacinta a masallacin nan. Amin.