Mai Gwangwanin Zogale

A kasuwar Tamanrasset, gaban wani tsoho ɗan ƙauyen Tit mai sayar da iri, ga wani mutum tsaye, rungume da gwangwanin tumatir kamar jariri. Siminti ya cinye masa tafin hannu. Ko ba a faɗa ba magini ne, kuma bakinsa na Damagaram ne. Cikin gwangwanin ɗan zogale ne ya yi baƙi ƙirin, ko ganye ɗaya babu.

"Baba, karo na uku ke nan!" yake cewa. "Daga gida aka aiko mini irin. Ruwan alwalata nake tara masa. Mu can da sanyi muke lambu. Me na rage shi da shi?"

Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba. "Sanyinku wasa ne, ɗana. Na nan kisa yake yi. Shuka albasa."

"Albasa? Wa ya taɓa cin kwaɗon albasa?"

Maginin ya ja tsaki, ya nufi juji don ya jefar da gwangwanin. Rabonsa da kwaɗon zogale na hannun mahaifiyarsa, Allah kaɗai ya sani. A bakin jujin ya daɗe tsaye. Sai ya warware rawaninsa, ya naɗe gwangwanin, ya tafi kai a buɗe cikin sanyin.