Ɗorawar Wanke da Itacen Jego

Shekarar da kananzir ya zama sai mai hanya, ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, matata kuma ta koma gidansu a Nahuce don haihuwar fari. Kowa ya san abin da ke wuyan miji: ya tara itacen wankan jego a ƙofar gidan surukai, tari mai tsayin da masu wucewa za su ce yarinya ta yi dace. Itace ya yi tsada, sai 'yan'uwana suka ce in sare ɗorawar da ke gonar marigayi mahaifinmu a Wanke. Na ce ba zan sare ba. A ƙarƙashinta yake shimfiɗa buzunsa, kuma ita kaɗai ta rage a gonar.

Ana cikin haka aka tura mu bita Gusau. Wata ƙungiyar ƙasashen waje ce ta shirya, wai hayaƙi yana ɗumama duniya, kowace ƙasa ta rage nata. Raina ya ɓaci. Mutanen da suka zo a motoci masu shan mai kamar raƙuma su ne za su yi wa murhun uwata wa'azi? Na miƙe na faɗa musu haka. Wata 'yar Indiya da ke cikinsu ta yi dariya, ta ce ita ma haka take faɗa wa Turawan da suka zo tare. Sannan ta naɗe hannun riga, ta kwaɓa laka da kashin jaki, ta gina murhu mai baki ɗaya wanda ke rungume tukunya, wuta ba ta tserewa ta gefe. Ban damu da duniyarsu ba. Ɗorawata na hango.

Da aka haihu, mace ce, na isa Nahuce da amalanke guda na kara da busassun rassa, da buhun laka. Surukata ta leƙo, ta dubi kayan, ta dube ni.

"Malam, mi na wanga? Itace munka ce, ka kawo muna ƙasa?"

Suruki ba ya ɗaga ido a gaban surukarsa, balle ya shiga madafinta. Ni kuwa na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, a yi mini haƙuri. In ruwa bai tafasa ba, da hannuna zan sare ɗorawar gonarmu." Na shige na hau kwaɓa laka. Matan gidan suka yi ta leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Kunya ta kama ni har wuya, amma ban tsaya ba.

Kafin murhun ya bushe, a kan duwatsu uku aka riƙa dafa ruwan wanka, rabin kayana ya tafi. Magana ta zaga gari cewa malamin boko ya yi wa ɗiyar mutane rowar wuta. Wannan ta yi mini ciwo, har yau ina jin ta.

Ranar da aka ɗora tukunyar wanka a kan sabon murhun, Inna da kanta ta hura wutar, tana jiran ta ga iyakata. Ruwa ya tafasa da 'yan rassa kaɗan. Ta tsoma ganyen dogonyaro, ta sa aka kai wa mai jego. Har aka yi arba'in ban ji yabo daga bakinta ba, ban kuma ji ta aiko neman ƙarin itace ba.

Duniya ta ci gaba da ɗumama, in ji rediyo. Yarinyar da aka haifa kuwa ta girma, ta yi aure a Wanke. Bara ta aiko mini da daddawa a ƙunshin ganye, ta ce daga kalwar itacen kakanta ce.