Dattawa Uku a Benci Ɗaya

Na yi shekaru ina neman labarai a Gombe kafin a kawo mana ita. Jaridarmu ba ta takarda ba ce, a intanet muke sakin labari, ofishinmu kuwa ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya a Pantami. Ba ni da mota, ba ni da muƙami, abin tinƙahona ɗaya ne: idan na ce abu ya faru, mutane sun yarda ya faru. Masu unguwanni, direbobin tasha, 'yan kasuwa, ni suke fara kira, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa.

Sai edita ya wayi gari da sabuwar doka. Ya ɗauko wata matashiya 'yar Tangale, ya ba ta teburin bakin taga wanda na daɗe ina hari, ya ce daga ranar babu labarin da zai hau shafinmu sai ta tantance shi. Kowane labari sai da majiya biyu aƙalla, kowane hoto sai an san wanda ya ɗauka da inda ya ɗauka. Tun ranar na ɗora mata karan tsana, alhali ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba. Yaya take ce mini, tana gaishe ni har da rusunawa, sannan ta zauna ta bi rubutuna layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda edita ya koma cewa, “Ta gani?” kafin ya ce mini sannu da aiki.

Wata safiya labari ya zo mini daga unguwar Madaki. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya haƙa burtsatse a ƙofar gidansa, masu kura suna sayen ruwa a wurinsa suna kai wa gidaje. Aka ce ruwan ya gurɓace, yara sun kwanta amai da gudawa. Dattawa uku na kira ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce tabbas haka ne. Doka ta ce biyu, ni na kawo uku. Na ajiye mata rubutun, na tsaya a kanta ina jira in ga ta inda za ta ɓullo.

“Yaya, cikin su ukun nan, wa ya ga yaran?” in ji ta.

“Dattawa ne fa. Ɗaya limamin unguwa ne, ɗaya ya yi aikin gwamnati har ya gaji.”

“Na yarda da su. Amma ka tambaye su ko sun gani?”

Ban tambaya ba, kuma ba zan iya ba. Mutumin da ya yi jika da kai ya gaya maka magana, ka buɗe baki ka ce, “Baba, da idonka ka gani?” Ai ka ƙaryata shi ke nan. Ba zai ce maka komai ba, amma ba zai sake ɗaga wayarka ba, kuma sai maganar ta isa kunnen iyayenka. Na yi mata wannan bayani da murya sama, har da cewa aikin jarida a garin nan ba a aji ake koyonsa ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce duk da haka ba za ta sa hannu ba.

Kafin azahar wani shafi ya riga mu sakin labarin, aka shiga tura shi waya zuwa waya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Edita ya ce mu tafi Madaki tare, ni da ita. Ba zan ɓoye ba, a cikin keke addu'a nake yi a zuciyata Allah ya sa mu tarar da yaran kwance. Yaran mutane fa! Sai daga baya na ji kunyar wannan addu'a.

A hanya ta tsayar da mai keke ta sayi lemu leda guda. Na ce yawon shaƙatawa za mu je? Ta yi murmushi kawai.

Muna isa bayan la'asar na ga abin da ban yi zato ba. Majiyoyina uku suna zaune a benci ɗaya, a inuwar bishiyar maina, wato dogon yaro, gwiwa na gugar gwiwa. Na san majalisar tun ina saurayi, na sha shayi a wurin ba adadi, amma da yake a waya na kira su, na lissafa su bakuna uku. Ta durƙusa ta gaishe su, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta ɗaga ledar.

“Baba, mun ji abin da ya sami yaran nan, Allah ya ba su lafiya. Dubiya muka zo, wane gida za mu fara shiga?”

Liman ya ce Allah ya yi mata albarka, ya dubi na kusa da shi. Na kusa da shi ya dubi na ƙarshe. Na ƙarshen ya gyara hula ya ce telan unguwa ne ya kawo maganar jiya, shi zai san gidan. Babu wanda ta ƙaryata, babu wanda ya ji kunya, sai ma albarka da suke ta sa mata don ta zo duba yaran da ba ta sani ba.

Tela ya ce matarsa ce ta ji. Matar ta leƙo ta nuna mana gidan maƙwabta. A can muka sami yaro ɗaya tak, zazzaɓin cizon sauro ya yi, an kai shi asibiti, har ya warware yana wasa a tsakar gida. Mutanen gidan ko ruwan malamin ba sa saye, rijiya gare su. Uwar yaron ta karɓi lemun tana ta godiya. Daga nan muka je wurin malamin, muka same shi zaune shi kaɗai gaban famfunansa, tun safe ko kura ɗaya ba ta zo ba.

Ita ta rubuta labarin gaskiyar abin, ta sa sunana tare da nata, nawa ma a gaba. Da ta cire ni gaba ɗaya da na fi samun sauƙi, don da na sami abin riƙewa. Dabarar da ta yi tamu ce, a cikinta na tashi, ni ma ina zuwa dubiya, amma bai taɓa faɗo mini ba cewa da ita ake tambayar babba ba tare da an ci fuskarsa ba. Bayan kwana biyu liman ya kira ni, na ɗauka labari ne. Lambarta yake so.

Hassada ta cinye ni a watannin nan, ina sane, na kasa hana kaina. Na riƙa zuwa wuri da ƙafata kafin in rubuta, ba don na shiryu ba, don kada ta sami abin gyarawa.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya cinye kwalbatin hanyar ƙauyenmu. Na hau babur na je, na tsaya a bakin ramin, na ɗauki hoto, na tura mata. Daga can na wuce unguwar Manawashi wurin mahaifiyata, don na san ta shirya tafiya bikin suna a ƙauyen washegari. Na same ta tana ɗaure kaya, ni kuwa taɓo har gwiwa. Na ce mata hanya ta yanke, tafiya ba za ta yiwu ba.

“Kira mini 'yar nan ta wurin aikinku, mai zuwa dubiya,” in ji ta. “Matan unguwa sun ce ita ba ta faɗin abin da ba haka ba.”

“Dada, daga can nake. Da idona na gani.”

“Na ji. Kira ta dai.”

Na kira, na miƙa mata wayar. Ina jin muryarta tana gaishe da Dada, sannan ta ce, “Mama, ai wanda ya gani yana gabanki. Ni ma a wurinsa na samu.”

Dada ta ce, “To, tunda ke kin faɗa.” Ta miƙo mini wayata, ta shiga kwance kayanta.