Tafintan Madam a Tamanrasat

Shekarun baya, ina saurayi, kawuna ya kira ni in baro Damagaram in taya shi tsaron shago a kasuwar Assihar da ke Tamanrasat. Na faɗi jarrabawar bak ta kammala sakandare, na riga na yanke cewa ni da boko mun rabu. Abin da na tsira da shi daga lekkol, wato makaranta, shi ne Faransanci, sai ɗan girman kai.

Faransancin nan ne ya kai ni wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa. Akwai wata Balarabiya daga arewa, muna ce mata Madam, ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Ba ta allura, ba ta ba da magani, aikinta zama da waɗanda damuwa ta danne. Ƴan Nijar masu aikin gini suna zuwa, ita kuma ba ta jin Hausa, sai aka roƙe ni in riƙa yi mata tafinta. Da farko dariya abin yake ba ni. Na ce wa kawu, "Wai fa hira ce aikinta, har da albashi!"

Wata rana aka kawo wani magini ɗan Maraɗi da ya daina barci, ya daina cin abinci. Abokan aikinsa suka ce iska ce. Ya zauna yana kallon ƙasa har ya tashi, Madam ba ta matsa masa ba. Sai da ya sake dawowa ya buɗe baki. Ashe motarsu ce ta lalace a sahara, ƙishirwa ta kashe ƙanensa kafin taimako ya iso. Ya ce, "Ni na ce ya biyo ni. Me zan gaya wa inna?"

Ko fassarawa ban yi ba na hau ba shi haƙuri, ina cewa ƙaddara ce. Madam ta ɗaga mini hannu. "Gaya mini abin da ya ce kawai." Na gaya mata. Sai ta ce, "Tambaye shi, wane irin yaro ne ƙanen nasa?"

Ya ce yaro ne mai tsokana, yana kwaikwayon tafiyar kowa. Ya fara murmushi, sai kuka ya ƙwace masa. Tun rasuwar bai zubar da hawaye ba sai ranar. Ya ci gaba da zuwa har ya koma aiki, daga baya ya tafi gida ya gaya wa mahaifiyarsu da bakinsa.

Bayan haka ne Madam ta zaunar da ni. Ta ce, "Kana da kunne. Mutanenka suna bukatar wanda zai saurare su ba tare da tafinta ba. Koma ka sake bak, ka karanci wannan aiki a Yamai, zan taimake ka."

Kawu bai hana ni ba. Cewa ya yi, "In ranka na so, ka tafi, ɗana." Ni ne na ce sai baɗi. Kasuwa tana ci, na sayi babur, ga wata yarinya da nake nema. Baɗi ta zo na sake cewa baɗi. Ana haka aka yi wa Madam canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba, ɗakinta ya zama ma'ajiyar kwalaye.

Yau ina Damagaram da iyalina, alhamdu lillahi ban rasa komai ba. Amma abin yana ci mini rai. Kwanaki wata dattijuwa ta zo da ɗanta da ya dawo daga Libiya ba ya magana, wai an ce mata na san irin wannan. Na zauna da shi, na yi iya abin da na gani ana yi, har ya ɗan saki jiki. Daga nan na tsaya, don ban san mataki na gaba ba, kuma ina tsoron in ɓata.

Da za su tafi ta ce, "Allah ya saka da alheri, likita."

Na ce, "Ba likita ba ne, Hajiya. Na dai kusa."