Baba Jibirin, Mai Auna Turmi da Zare

Kullum da hantsi Baba Jibirin masassaƙi yakan fito gindin ɗorawar ƙofar gidansa a Unguwar Tudu, ya wasa gizago, ya zauna gaban gungume. Shekara arba'in ke nan. Yanzu wasin ya fi sassaƙar daɗewa.

Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Baba ba ya sassaƙa turmi sai ya san tsayin wadda za ta yi daka a cikinsa. Tunda ba zai ga matar aure ba, sai ya ba maigida zare, a auno daga ƙasa zuwa gwiwarta, a ƙulle. Kawuna Dalhatu ya yi ƙyuya, ya auna a ƙafarsa ya kawo. Baba ya ɗaga zaren ya duba.

"Dalhatu, raƙuma ka aura?"

"Haba Baba, ai turmi turmi ne."

"Kai za ka yi dakan? Koma ka auno Asibi."

Ya koma. Kaka goma sha biyu Asibi tana ɓarzar gyaɗa a turmin nan, ba ta taɓa kwana da ciwon baya ba.

Malaminmu na elementare ya taɓa nuna mana hoton mutum-mutumin dutse, ya ce wannan ita ce sassaƙar gwanaye. Amma Baba, kai ma mutum kake fitarwa daga itace. Ba fuskarsa ba, tsayinsa da gajiyarsa.

Ga shi kana shirin ajiye gizago, kuma ba tsufa kaɗai ba ne. Kirya, itacen turmi, ta ƙare. Kowa na faɗaɗa gonar gyaɗa, ana cinna wa kiryar wuta a tsaye. Bara ka taka har wajen Kabo saboda guda ɗaya da ka sani, ka tarar da toka. Ya'u mai jaki, da ya dawo da kai, ya ce da kuka iso ƙofar gida sai ka ce, "Na gaji." Mata shida suna jiran turminsu har yau.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sa ka huta da lafiya. Masu sana'a, ku riƙa tambayar wa zai yi aiki da abin da kuke yi.

Ku kuma masu sharar gona, in akwai kirya a cikin taku, ku aika wa Baba kafin ku kawo wuta. Ya ce hannun zai iya turmi biyu kafin damina.