Ɓerayen Laraba

Duk Gyaɗi-Gyaɗi an san hannun Laraba. 'Yar Kudancin Kaduna ce, matar Malam Luka mai koyarwa a firamare, kuma ta tashi a gidan da tuwo ba ya kaiwa, shi ya sa ta tsani ganin ramammen mutum. Baƙo in ya shiga gidanta ba ya fita sai ya yi gyatsa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ta sami aiki a wani ɗakin bincike a Tarauni, aikin kiwon fararen ɓeraye. Matan layi suka sa ta gaba da tsokana, wai kowa na neman gubar ɓera, ita tana dama masa abinci. Ko a jikinta.

Dakta Nusaiba, mai binciken, ta raba matasan ɓerayen gida biyu: waɗannan abincinsu na kullum, waɗancan kitse da sukari. Na biyun su ne 'yan lelen Laraba. Suka yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, tana kiransu 'ya'yanta.

Ranar gwaji aka cika babban baho da ruwa mai duhu, da ɗan tudu a ɓoye a ciki, wanda tuni an koya wa kowane ɓera inda yake. Sirara suka miƙe ɗoɗar suka hau. 'Ya'yan Laraba kuwa sai zagaye.

"Nauyi ne, Dakta," in ji ta.

"Ba nauyi ba ne, Maman Hope. Dubi, iyonsu ƙalau. Wurin suka manta. Ciwon sukari ya soma taɓa su tun ƙwaƙwalwarsu ba ta yi ƙwari ba. Ɓera ba mutum ba ne, amma abin ya isa a ji tsoro."

Tsoron kuwa ya kama Laraba har tafin ƙafa. Hope, autarta mai shekara goma sha huɗu, ita ce abin alfaharinta, don ko a coci da kumatunta ake misali. Amma watannin nan ruwa ba ya isarta, a aike ta gishiri ta dawo da ashana, a aji sai gyangyaɗi. Laraba ta yi mata faɗa, ta kuma lallashe ta da soyayyiyar doya da lemon kwalba.

Ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta kai ta awon jini. Likita ya ce sukarin ya fara hawa, amma an zo da wuri.

Lemo ya bar gidan. Acca da ganye suka shigo, ga tattaki har Ƙauyen Alu uwa da 'ya. Hope ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce an daina sonta. Wannan magana ta ƙona ran Laraba, ta shige kicin ta yi nata kukan, amma ba ta ƙara ko ludayi ɗaya ba.

Zuwa damina yarinya ta washe, aike ya daina ɓata a hanya. Wata Lahadi bayan sujada, Mama Asabe, shugabar zumuntar mata, ta kama hannun Hope a gaban jama'a ta jujjuya shi.

"Laraba! Yarinyar nan ta zube. A gidanki? Ko Luka ya daina cefane ne?"

Ba zagin da Laraba take gudu a duniya kamar wannan. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta jawo 'yarta jikinta.

"Cefane na nan, Mama. Ni na ramar da ita da hannuna, kuma da saura."